Yadda Ake Yawon Jirgin Ruwa a Tafkunan Friesland na Ƙasar Holan

A kudu maso yammacin lardin Friesland, can arewacin Holan, akwai tafkuna birjik waɗanda koguna da hanyoyin ruwa da aka haƙa suka sarƙe su wuri guda. Mutum zai iya shiga jirgi a tsakiyar garin Sneek ya yi kwanaki yana ratsa ƙauyuka bai taka kwalta ba. Manyan cikinsu su ne Tjeukemeer, Fluessen, Heegermeer, Sneekermeer da Slotermeer. Yawancinsu ba su da zurfi, a wurare da dama ruwan bai kai mita 2 ba, kuma rashin zurfin nan shi ke yaudarar baƙo. Wanda zai yi wuni a nan, da iska da gadoji da manyan jiragen kaya zai tsara tafiyarsa. Nisan da ya gani a taswira shi ne abu na ƙarshe da zai duba.

Lokacin zuwa da hanyar isa

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne ake jin daɗin wurin. Yuni da farkon Satumba sun fi wa sabon shiga, domin ruwan ba cunkoso. A ƙarshen Yuli ko cikin Agusta ana tseren skûtsjesilen, inda tsofaffin jiragen dako 14 masu tafiya da ƙyallen iska ke fafatawa na tsawon mako biyu, a fara a Grou a ƙare a Sneek. Ga kuma bikin Sneekweek a farkon Agusta. Kallo ne mai ƙayatarwa, amma daga gaɓa ya kamata baƙo ya yi shi, don ranar da tafki ya cika da ɗaruruwan jirage ba ranar koyon tuƙi ba ce.

Daga filin jirgin sama na Schiphol, jirgin ƙasa zai kai ka Leeuwarden, babban birnin lardin, cikin awa biyu da 'yan mintuna. Daga nan ka canja zuwa ƙaramin jirgin Arriva mai zuwa Sneek, tafiyar kusan minti 20. Ana biya da katin banki ta hanyar ɗora shi a kan na'ura wurin shiga da wurin fita. Idan ka canja daga jirgin NS, wato kamfanin da ya kawo ka daga Schiphol, zuwa na Arriva, sai ka ɗora katin a na'urar fita ta kamfanin farko sannan ka ɗora a ta shiga ta na biyu, in ba haka ba za a cire maka kuɗin da ya wuce na tafiyarka. Sunayen garuruwa kuma biyu-biyu suke, da harshen Holan da na Firisiya: Sneek ita ce Snits, Sloten ita ce Sleat, IJlst ita ce Drylts. Kada ka ga allo ka zaci ka ɓata.

Irin jirgin da za ka ɗauka haya

Abin da za ka nema sunansa sloep. Buɗaɗɗen jirgi ne mai faɗin ciki, tsawonsa mita 5 zuwa 7, yana ɗaukar mutum shida zuwa goma gwargwadon girmansa, da injin dizal ko na lantarki. Dokar Holan ba ta neman lasisin tuƙi ga jirgin da bai kai mita 15 ba, muddin ba ya iya gudun da ya wuce kilomita 20 a awa, kuma jiragen haya na yawon shaƙatawa a ƙarƙashin wannan iyaka suke. Masu haya da yawa ba sa ba wa wanda bai kai shekara 18 ba, wasu ma sai 21. Za su nemi katin shaida da kuɗin jingina, wanda ake mayarwa idan jirgi ya dawo lafiya.

Na lantarki ya fi wa mai koyo. Ba ƙara, ba hayaƙi, kana jin kukan tsuntsaye. Sai dai a san halin batir: jirgin ruwa yana shan wuta fiye da kima da zarar an matsa masa, ƙarin gudun kuma ɗan kaɗan ne. Batirin da zai yi wuni cur a matsakaicin gudu zai iya ƙarewa cikin 'yan awoyi idan aka danna shi har ƙarshe, musamman ana fuskantar iska. Ka tambayi mai jirgin awa nawa yake yi a kilomita 6 a awa, ka kuma sa a ranka cewa ka juyo gida tun batir bai sauka zuwa rabi ba.

Kafin a kwance igiya, ka zagaya jirgin tare da mai shi ka ɗauki hoton duk wani karce ko lotsewa. Ka tabbatar akwai igiyoyi aƙalla biyu, da anga, da robobin da ake ratayawa a gefe don kada jirgi ya gogi bango, da sanda mai ƙugiya, da filafili na ko-ta-kwana, da taswirar ruwa. Ka tambayi tsayin jirgin daga saman ruwa, domin lambar nan ce za ta gaya maka gadar da za ka bi ta ƙarƙashinta. Ka ajiye lambar wayarsu. Sannan rigar kariya daga nitsewa: duk wanda bai iya ruwa ba, da kowane yaro, ya sa tun yana kan gaɓa, a ɗaure ta tamau, ta yara kuma a ja maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Za ka ga 'yan ƙasar suna tafiya ba riga. Su tun suna ƙanana ake kai su koyon iyo har su karɓi takardar shaida, saboda haka kada kunya ta sa ka yi koyi da su.

Duba iska tun da safe

Hukumar yanayi ta ƙasar, KNMI, tana ba da ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, manhajar Buienradar kuma tana nuna inda hadari yake da lokacin da zai iso. Iska mai lamba 1 zuwa 3, ko'ina za ka iya bi. Lamba 4 tana gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa, a nan sai sabon matuƙi ya tsaya a ƙananan hanyoyi da gefen tafki. Daga lamba 5, wato kilomita 29 zuwa 38, kada ka ratsa babban tafki da ƙaramin jirgi.

Dalili shi ne, a ruwa marar zurfi igiyar ruwa gajera ce, a tsaye take, kuma a jere take zuwa ba tazara. Jirgi bai gama sauka daga ɗaya ba wata ta mare shi, ruwa ya fantsamo ciki. Iskar yankin ta fi busowa daga kudu maso yamma, Fluessen da Heegermeer kuwa a miƙe suke daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, sai iskar ta samu fili mai tsawo tana tara ruwa har ta kai shi bakin garin Heeg. Shi ya sa za ka baro mashigi lafiya lau, ka leƙa tafki ka tarar da shi yana tafasa. Matuƙan wurin suna kiran gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta hogerwal, ruwanta a kwance yake. Wadda iska ke dukanta ita ce lagerwal, can igiyar ruwa ta fi ƙarfi, can kuma jirgi ke manne wa gaɓa ya ƙi fita. In za ka bi tafki ko ka tsaya cin abinci, nemi hogerwal. Idan kuma ka ji tsawa, fita daga tsakiyar ruwa nan take, domin ƙasar shimfiɗe take kamar faranti, kai ne abu mafi tsayi a wurin.

Tuƙin kansa

Jirgi ba shi da birki. Ana tsayar da shi ne da mayar da inji baya, a ɗan dakata a tsakiya kafin a ja sandar baya don kada a wahalar da injin. Da gindi yake juyawa, ba da goshi kamar mota ba: in ka karkata dama, bayansa ne zai fita hagu, shi ya sa masu koyo ke bugun bango da gindin jirgi wurin tashi. Ka ture shi ya rabu da gaɓa tukuna. Idan mai sandar tuƙi ne a baya maimakon sitiyari, ka tura sandar hagu jirgi ya yi dama. Minti goma a fili ba kowa sun isa hannu ya saba. Jirgi kuma ba ya jin tuƙi sai ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, don haka kashe inji gaba ɗaya a wuri mai iska barin ragama ne ga iskar.

A ruwa ma hannun dama ake bi. Jirgi mai inji shi ke kauce wa mai ƙyallen iska da mai filafili, ƙaramin jirgi kuma shi ke kauce wa babba, wato mai tsawon mita 20 ko fiye. Iyakar gudu tana rubuce a farin allo mai jan baki, galibi 6 a cikin gari da ƙananan hanyoyi, 9 a waɗanda suka fi faɗi. Ka riƙa waiwaye kana duba igiyar ruwan da kake bari a baya. In tana dukan gaɓa tana girgiza jiragen da ke ɗaure, ka yi sauri da yawa ko da ba ka wuce lambar allo ba. A tafki za ka ga alamomi ja da kore suna lilo a kan ruwa, tsakaninsu ne hanya mai zurfi.

Abin da ya fi komai haɗari a yankin shi ne Prinses Margrietkanaal, babbar hanyar jiragen kaya da ta taso daga Lemmer ta ratsa ta Sneekermeer da Grou ta nufi Groningen. Jiragen da ke binta kan kai mita 110. Matuƙin irin wannan jirgi a can baya yake zaune, kuma tazarar da ba ya gani a gabansa tana iya kai mita 350. In ba ka hango tagar ɗakinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ba ya iya tsayawa sai ya yi ɗaruruwan mitoci, ba ya iya kaucewa saboda nauyinsa a tsakiyar hanya kaɗai yake samun zurfi, kuma yana zuwa shiru, da sauri fiye da yadda ido ke ƙiyastawa. Ka manne wa dama, ka sa mutum ɗaya aikin duba baya. In za ka tsallaka, ka rage gudu, ka duba hagu da dama, ka bar babban jirgi ya wuce, sannan ka ratsa kai tsaye ta bayansa ba tare da jinkiri ba. Yayin da yake wucewa ruwa zai ja ka zuwa gare shi, bayansa kuma igiyar ruwa za ta biyo. Ka tare ta da goshin jirgi a ɗan karkace, kowa yana zaune, kada ka ba ta gefe.

Gadoji

A taswirar ruwa ta ANWB, ƙungiyar matafiya ta ƙasar, ana rubuta tsayin gada da desimita. H 25 na nufin mita 2.5, BB kuma gada ce mai buɗewa. Sloep kan wuce ƙarƙashin gadoji da yawa ba sai an ɗaga ba, amma a naɗe rumfa, a cire sandar tuta, kowa ya sunkuya, kada wanda ya ɗora hannu a gefen jirgi. Fitilun gada ga yadda suke: ja, tsaya. Ja da kore tare, shirya, za a buɗe. Kore, wuce. Ja biyu, ɗaya bisa ɗaya, ba a aiki da gadar a lokacin. Fitila mai ruwan ɗorawa a tsakiyar gada tana nufin an yarda ka bi ta ƙasa tana rufe, in tsayinka ya ba ka.

Wurin jira, kada ka tsaya a bakin gada kana shawagi iska na wasa da kai. Akwai turaku a gefe, ka ɗaura igiya ka jira. A wasu gadojin har yanzu mai gadi yana zuro takalmin katako ɗaure da igiya a bakin sanda kamar mai fatsa, a jefa kuɗin gada ciki jirgi na tafiya. Allo na nuna adadin tun kafin a iso, don haka a ba mutum ɗaya tsabar yuro ya riƙe a hannu. Gadoji da dama suna hutun tsakar rana kuma suna rufewa da yamma, ka duba lokutan a manhajar Waterkaarten. Wanda gada ta rufe masa da maraice, sai dai ya kwana a inda yake ko ya kira mai jirgi.

Hanyar wuni ɗaya daga Sneek

Ka tashi da ƙarfe 10 na safe ta wajen Waterpoort, ƙofar ruwa mai hasumiya biyu da aka gina a 1613, ka bi ruwan Geeuw zuwa IJlst, tafiyar kusan kilomita 4 cikin filayen kiwo. A IJlst akwai De Rat, injin tsaga katako da iska ke juyawa, wanda har yau yana aiki. Ka lura da lambunan garin: titi ne ya raba kowane gida da lambunsa, lambun yana bakin ruwa. Daga nan ka yi kudu ta hanyar ruwan Wijde Wijmerts zuwa Heeg, garin da a da masuntansa ke kai kifin nan mai kama da maciji har kasuwar Landan. Daga Sneek zuwa Heeg awa biyu ne a hankali. Ka ci abinci, ka leƙa tafki, in iska ta kwanta ka ɗan zagaya, sannan ka juyo.

Mutane kan so su ƙarasa Woudsend su tsallaka Slotermeer zuwa Sloten, mafi ƙanƙanta cikin birane goma sha ɗaya na Friesland, mai hanyar ruwa guda a tsakiya da bishiyoyi a gefe da injin iska a bakin tsohuwar ganuwa. Ya cancanci gani, amma zuwa kaɗai zai ci kusan awa huɗu, ga gadoji. Gara ka kwana a hanya, ko ka ɗauki jirgi daga Woudsend wata rana.

Wurin tsayawa ba ya wuya. Ƙungiyar De Marrekrite tana kula da dubban wuraren ɗaure jirgi a gaɓa da tsibirai, kyauta, har kwana uku a wuri ɗaya. Ka nufi wurin goshin jirgi na fuskantar iska, a hankali ƙwarai, robobi a rataye. Mai riƙe da igiyar gaba ya taka ya sauka, kada ya yi tsalle, katakon na da santsi. A ɗaure gaba sannan baya. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da gaɓa don tare shi, nauyinsa ya isa ya karya ƙashi. Ba a ɗaure jirgi a cikin kyauro ko jikin bishiya, ba a kafa tanti a inda aka ga dama, shara kuma a tafi da ita. Buɗaɗɗen jirgi ba shi da bayan gida, sai a tashoshin jirage na garuruwa, a yi lissafin wannan in da yara ko tsofaffi.

Idan abu ya lalace

In jirgi ya rage gudu yana karkarwa, ciyawa ce ko leda ta naɗe farfela. Mayar da inji tsakiya, ka ba shi baya na 'yan daƙiƙoƙi, sau biyu ko uku. In bai saki ba, kashe inji ɗungurungum kafin hannu ya kusanci wurin. Igiyar jirginka ma kan yi wannan ɓarna in an bar ta tana jan ruwa, saboda haka a naɗe igiyoyi a ciki da zarar an tashi. In ka kafe a taɓo, kada ka ƙara wuta gaba. Mutane su koma ɓangaren da ruwa ya fi zurfi, ka fita da baya ta inda ka shigo, ana taimakawa da sanda. In inji ya mutu a tafki, jefa anga tun iska ba ta kai ka lagerwal ba, sannan ka kira mai jirgi. In mutum ya faɗa ruwa, inji tsakiya nan take saboda farfela, a jefa masa abin da zai riƙe, mutum ɗaya ya zuba masa ido yana nuna shi da hannu, a zagayo a tunkare shi goshi na fuskantar iska, a kashe inji kafin a jawo shi. Lambar gaggawa 112 ce.

Ruwan kan yi sanyi ƙwarai har cikin Mayu ko da rana na haske, kuma faɗawa cikinsa ba shiri yana ɗauke numfashi. Iyo a wuraren da hukuma ke gwada ruwansu ake yi, daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Oktoba, shafin zwemwater.nl na nuna su. In zafi ya daɗe, wani gansakuka mai guba da suke kira blauwalg kan rufe ruwa kamar koren fenti, yana kawo ƙaiƙayi da gudawa. An hana iyo a hanyar jirage da kusa da gada. Kamun kifi kuma sai da katin izini mai suna VISpas.

Guzuri da salla

Ka tafi da rigar sanyi da ta ruwan sama ko da gari ya waye garau, da hula, da ruwan sha, da takalmi mai ƙasan roba. A gidajen abinci na bakin ruwa, kalmomin varken, spek da ham duk naman alade ne, miyar wake da ake kira snert ma da shi ake yi. Soyayyen kifi kibbeling yana ko'ina, ga burodin sukari na yankin, sûkerbôle. Beerenburg barasa ce. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, Azahar kuma sai wajen ƙarfe 1:40, don haka za ka yi ta a hanya. Alƙibla tana kudu maso gabas, ciyawar wuraren Marrekrite kuma a share take, darduma kawai za ka shimfiɗa.

Rana ta biyu a tudu

A ɗauki keke. Hanyoyin keke suna da mahaɗai masu lamba, ka rubuta lambobin a jere a takarda ka yi ta bin allo, ƙananan jiragen fito suna tsallakar da kai inda ruwa ya tare. A gandun De Alde Feanen kusa da Earnewâld ana hayar kwale-kwale a shiga lungunan da aka haƙe ƙasar ruɓaɓɓen ciyayi a da don yin makamashi. Filayen kiwon lardin ne mahaifar grutto, tsuntsu mai dogon baki da dogayen ƙafafu wanda yawancinsa ke yin hunturu a gonakin shinkafar Senegal da Gini Bisau, irin ƙaurar da ke kawo tsuntsayen Turai fadamar Haɗeja da Nguru. Lokacin ƙyanƙyasa ana rufe wasu wurare, a bi allo. Bayan tafiya cikin ciyawa a duba jiki saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme, a cire ta da hantsaki a ranar.

A Lemmer kuma akwai Woudagemaal, tashar famfo mai aiki da tururi da aka buɗe a 1920, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1998. Bututun hayaƙinta mita 60 ne, tana iya kwashe lita miliyan 4 a minti ɗaya zuwa babban tafkin IJsselmeer, kuma har yau ana kunna ta idan ruwan lardin ya yi yawa. Ita da sauran famfuna ne ke riƙe tafkunan duka a matsayi ɗaya, santimita 52 ƙasa da ma'aunin teku na Amstadam, abin da ya sa za ka yi wuni kana yawo ba ka gamu da ƙofar ɗaga ruwa ba. Ba kullum ake buɗe ta ga masu ziyara ba, ka duba ranakun a shafinsu kafin ka kama hanya.